Furun Cima

Laraba ce, ana kiran la'asar,
Cima ta bugo, muryarta na rawa:
"Jadi, ka zo, furuna ya yi shiru.
Jibi suna a Bagalam, na karɓi kuɗin gato ɗari biyu,
ga kwaɓi a roba, ƙwai talatin sun fashe,
na murɗa, na murɗa, ko ɗumi babu, balle wuta."

Na rataya jaka, na tare kabu-kabu.
Turnabis uku, pansi, da ma'auni mai allura
wanda na gada wurin maigidana Nomau,
shi da ya ce mini tun ina share masa shago:
"Kar ka fara da cikin ƙarfe, yaro,
fara da bango, can ne gardama kan kwanta."

To, na fara da bango.
Kwantar na ƙyafta ido, kuran yana nan.
Bakin filogi fes, ba ƙauri, ba baƙi.
Kawuna huɗu na sama, uku sun yi ja,
na huɗun, in ji ta, tun bara ya yi murabus,
a kansa take ajiye buta.

Na zare filogi. Mai gyaran da bai zare ba
a zaman makoki ake ba da labarinsa.
Na ja ƙarfen daga jikin gini.
Kusoshi takwas, ɗaya ta ci tsatsa ta ƙi,
sai da na ɗiga mata man gujiya ta saki.
Bayan murfi ga saƙar gizo, ga kashin ɓera,
ga cokalin da wata shida Cima ke zargin ƙanwarta.

Fizibil na raye. Madaidaicin zafi na raye.
Na bi wayoyi ɗaya-ɗaya, kamar mai tsintar wake,
har na iso sandar ƙasa mai lanƙwasar hanjin rago.
Na ɗora mata ma'auni, allura ko gezau.
Na haska, sai ga farin ƙurji a gwiwarta,
inda sukari ya sha zuba, ya ci ta, ya huda ta.

"Nawa?" Na ce bari a samu tukuna.
Babbar kasuwa babu irinta, Kadro babu.
Wani ya ce a aika Kano, kwana huɗu.
Kwana huɗu! Ai jariri ya saba da sunansa.
Sai na tuna gawar furu a bayan shagona,
ta wani likita da aiki ya kai Difa,
shekara biyu kaza na ƙwai a cikinta.
Na ba kaza haƙuri, na zaro sandarta.

Ta zauna daram, ramin kusa guda kawai na faɗaɗa.
Na ɗaure, na rufe, na yi bisimilla,
Cima ta kai hannu ta murɗa.
Ɗif!
Fanka ta tsaya, yara a titi suka sa ihu,
unguwa kaf an ɗauke wuta.

Muka baje tabarma a tsakar gida,
ni da aikin da ban san ko ya yi ba,
ita da kwaɓin da ta lulluɓe da jiƙaƙƙen zane.
Ba ta biya ba, ban tambaya ba.
Mijinta ya ɗora shayi,
sauro ya karɓi nasa rabo a ƙafata.

Sha ɗaya ta gota, ƙwan fitila ya farka.
Na durƙusa, na leƙa ta gilashin ƙofa.
Baƙi. Baƙi. Sannan ja-ja daga gefe,
kamar garwashin da aka yi wa fifita,
yana tafiya har ya cika lanƙwasar duka.
Ƙaurin gashin kaza ya fara fitowa, muka kwashe da dariya,
ƙamshin gato bai zo ba sai da farantin farko ya kwanta.

Jikka biyar ta ba ni, da guda uku a leda,
suna ƙona mini cinya har ƙofar gida.
Kai na huɗu kuwa, ta ce in bar mata shi haka:
in na gyara, ina za ta ajiye buta?